Yadda Ake Wuni Guda a Cikin Tsohon Jirgin Filafili na Kogin Thames

A garin Maldon da ke gundumar Essex, arewa maso gabas da Landan, akwai wata tsohuwar tashar jiragen ruwa da ake kira Hythe Quay. Har gobe idan ka je can za ka tarar da manyan jiragen dakon kaya na da a ɗaure, kowanne da dogon jigonsa, wato sandar da ke tsaye a kansa, da jan filafilinsa, wato ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, a tattare. Wasunsu sun haura shekara 120 a duniya, kuma ba ajiye su aka yi don kallo ba, suna fita ruwa, suna ɗaukar duk wanda ya biya kuɗin kujera. Idan kana karatu ko aiki a Ingila, ko ziyara ta kai ka, wannan fita ce da nake ganin ta fi yawon kantuna da hoton gaban fada amfani nesa ba kusa ba. Sai dai tana da ƙa'ida: ranar ba taka ba ce, ta ruwa ce da iska. Wanda ya shirya da wannan a ransa ya more, wanda ya zo da agogonsa da son ransa ya koma yana ƙorafi.

Ka fara sanin abin da za ka hau

Waɗannan jirage, da aka fi sani da jiragen dakon kogin Thames, su ne tirelolin zamaninsu, kuma kamar tirela, mutum biyu ne kacal ke tafiyar da su, matuƙi da yaronsa. A wajejen 1900 an yi musu rajista sama da 2,000 suna zirga-zirga tsakanin Landan da ƙauyukan gaɓar Essex da Kent da Suffolk. Daga Kent suna kawo bulo da siminti waɗanda aka gina unguwannin Landan da su. Daga gonakin Essex suna kawo alkama da sha'ir da ingirici, domin a lokacin dawakai ne ke jan kekunan birnin, kuma dole su ci. A kan jibga ingiricin a saman jirgi ya yi tudu har matuƙi ba ya ganin gabansa, sai yaron ya hau can ƙoli yana faɗa masa inda zai bi. In za su koma, sai su yi lodin kashin dawakan nan su kai wa manoma taki. Babu zuwan banza, babu komawar banza.

Tsawon jirgi ɗaya kan kai ƙafa 80 zuwa 90, faɗinsa kimanin ƙafa 20, yana ɗaukar tan 100 ko fiye. Gindinsa a shafe yake, ba shi da tsinin nan da jiragen teku suke da shi a ƙasa, don haka idan ba kaya ruwan ƙafa 3 ya ishe shi shawagi. Wannan ne ya ba shi damar kutsawa cikin ƴan ƙananan rafuka har bakin gona, in ruwa ya janye ya zauna daram a kan laka ko yashi, amalanke ta zo gefensa a sauke kaya. Motocin kaya da jirage masu inji ne suka kashe sana'ar sannu a hankali. Na ƙarshe da ya yi dako da iska zalla shi ne Cambria, wanda aka ƙera a 1906, ya sauke kayansa na ƙarshe a 1970 a hannun matuƙinsa Bob Roberts. Yanzu waɗanda suka rage suna fita ruwa ƴan gommai ne, kuma kuɗin fasinja irinka na daga cikin abin da ke riƙe da su.

Zaɓen jirgi da irin fitar

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kai.

A Maldon akwai masu jirage iri biyu. Akwai ƙungiyar sa-kai ta Thames Sailing Barge Trust, wadda asalinta ya faro a 1948, mai jirage biyu na katako: Centaur da aka ƙera a Harwich a 1895, da Pudge da aka ƙera a Rochester a 1922. Pudge na cikin ƙananan jiragen da suka tsallaka zuwa Dunkirk a 1940 don kwaso sojojin da Jamus ta ritsa a gaɓar Faransa, kuma ya dawo da mutane a cikinsa. Akwai kuma kamfanin Topsail Charters, wanda aka san shi da jirage irin su Hydrogen na 1906 da Thistle na 1895. In Maldon ta yi maka nisa, a Ipswich ma ana fita da irin waɗannan jirage a kogin Orwell, haka nan a gaɓar Kent wajen kogin Medway.

Dokar Birtaniya ta ce duk jirgin da zai ɗauki fasinja sama da 12 sai ya mallaki takardar shaidar jirgin fasinja. Wannan ya raba fitar gida biyu. Jirgin da ke ɗaukar mutum 12 ko ƙasa da haka, kusan kowa a cikinsa ma'aikaci ne: za a ba ka igiya ka ja, za a ba ka sitiyari ka riƙe, za ka yi hira da matuƙi son ranka. Wanda ke ɗaukar mutum 40 zuwa 50 kuwa ya fi kama da wurin shaƙatawa, akwai shayi da abinci da mai ba da tarihi, ya dace da iyali da dattawa. Kowanne na da nasa, amma ka san wanda ka biya wa.

Sai tsawon fitar. Akwai ta awa biyu, wadda ake zagaya tsibiran kusa a dawo kafin ruwa ya gudu, akwai ta rabin wuni, akwai ta wuni cur. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: in da hali, ka ɗauki doguwar. A gajeriyar fita kogin ƙunci gare shi kuma lokaci kaɗan ne, sau da yawa inji ne ke yin mafi yawan aikin, filafili ɗaya ko biyu ake buɗewa. A doguwar fita ce ake isa faffaɗan ruwa, a kashe inji, ka ga abin da ya kawo ka. Kafin ka biya, ka rubuta musu ko ka buga waya ka yi tambaya uku: shin za a kashe inji a tafi da iska in yanayi ya yarda, shin ana barin fasinja ya sa hannu a aiki, kuma a ina za a sauke ku. Ta ukun nan tana da muhimmanci, domin wani lokaci ba a tashar da aka tashi ake sauka ba.

Lokacin fitar daga wajejen Afrilu ko Mayu ne zuwa Oktoba. Da hunturu jiragen na hannun masu gyara. Kujerun Asabar da Lahadi na Yuli da Agusta kan ƙare da wuri, saboda haka ka kama taka tun da makonni.

Lissafin cika da janyewar ruwa

Wanda ya taso a bakin kogin da cikarsa da ƙafewarsa ke bin damina da rani zai yi mamakin wannan wuri. A Hythe Quay teku ce ke turo ruwa cikin kogin Blackwater sau biyu a kowace rana, ta kuma janye shi sau biyu. Tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25 ne, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. In ruwa ya janye, tashar laka ce zalla, jiragen na zaune a kai. Ba sa iya motsi sai ɗan lokaci kafin cikar ruwa da ɗan lokaci bayanta. Shi ya sa za ka ga an rubuta tashi ƙarfe 7:15 na safe yau, wani makon kuma 11:40. Ba son wahalar da mutane ba ne. Kuma shi ya sa jirgin ba ya jiran kowa: in matuƙi ya tsaya jiranka na minti 20, zai iya rasa fitar gaba ɗaya. Ka iso da aƙalla rabin awa a hannu.

Wanda ke bin lissafin watan Musulunci yana da wata dama a nan. Wata ne ke jan ruwan teku, don haka cika mafi girma kan zo ne kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kuma bayan daren sha huɗu. A wannan gaɓa ta Essex, babbar cikar kan faɗo wajejen tsakar rana da tsakar dare. A ranakun da ake ganin rabin fuskar wata kuwa cikar ƙarama ce, tana zuwa da sassafe da kuma yamma. Wannan ne ke yanke irin fitar da za a iya yi: gajeriyar fita ta fi dacewa da babbar cikar tsakar rana, ita kuwa fitar da ake tashi da cikar safe a dawo da ta yamma, wuni ne cikakke a kan ruwa. In ka duba jadawalin cikar ruwa a intanet, ka lura ko da agogon GMT aka rubuta shi. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba Birtaniya na ƙara awa ɗaya, lokacin da agogonsu ke zama daidai da na Najeriya da Nijar.

Hanyar zuwa

Maldon ba ta da tashar jirgin ƙasa, an rufe ta tun 1964. Daga Landan sai ka hau jirgi a tashar Liverpool Street zuwa Chelmsford, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, daga nan ka shiga bas ko tasi, kimanin mil 10. Ranar Lahadi bas kan yi ƙaranci kuma a kan yi gyaran layin dogo, ka duba tun daren. In tashin na sassafe ne, gara ka kwana a Maldon ko Chelmsford. Mai mota ya ajiye ta a wurin ajiye motoci na Promenade Park ya taka da ƙafa, kada ya bar ta a bakin tashar, domin babbar cika kan hau kan daɓen wurin. Alamar da ba za ta ɓace maka ba ita ce hasumiyar cocin St Mary da ke tsaye a saman tashar, wadda matuƙa suka daɗe suna saiti da ita in za su shigo gari.

Sutura, abinci da sallah

Komai zafin rana a gari, kan ruwa akwai sanyi. Ka sa kaya hawa-hawa yadda za ka iya cirewa ko ƙarawa, da rigar ruwa mai tare iska a sama, da takalmi rufaffe mai gindin roba. Farar shadda da babbar riga su zauna a gida, igiyoyi da ƙarafunan jirgin na da maiƙo da kwalta, kuma yalwataccen tufa na iya maƙalewa a injin naɗe igiya. Hular da ba ta kama kai ba, iska za ta kai ta ruwa. Mata su zaɓi hijabi ko ɗankwalin da za a ɗaure tam a cusa bakinsa cikin riga, da wando a ƙarƙashin doguwar riga, saboda matakalar sauka ciki a miƙe take. Ana saukarta ne da baya, fuska na kallon matakala, hannu biyu a riƙe.

Maganar abinci a gama ta tun ranar biyan kuɗi, domin kicin ɗin jirgi ƙarami ne, abin da aka shigo da shi da safe shi ke nan. Karin kumallon Ingilishi na ɗauke da naman alade, haka ma wasu faranta na rana. Ka nemi abincin marasa cin nama ko na kifi, ka kuma ce kada a sa giya a girkin. A jirage da yawa ana sayar da barasa, mai zuwa da iyali ya san da haka, ko da yake shayi da kofi ne suka fi yawo. Ka riƙe gorar ruwa da ɗan dabino ko biskit a jaka.

Banɗakin ƙarami ne, a wasu jiragen da famfon hannu ake kora shi, kuma ba za ka tarar da buta ba, ka tanadi ƴar robar ruwa. Ya fi sauƙi ka hau da alwalarka. Da bazarar Turai azahar kan shiga wajejen ƙarfe ɗaya, don haka doguwar fita za ta ci azahar, wataƙila da la'asar. Ka gaya wa matuƙi tun da safe, zai nuna maka kusurwar da igiya ba ta bi. Alƙibla daga Ingila kudu maso gabas take, kuma lokacin da aka jefa anka don cin abincin rana ne jirgi ya fi natsuwa.

Masu tsoron jiri da amai su kwantar da hankali. Faɗin jirgin da shafaffen gindinsa sun sa ba ya tangaɗi sosai, kuma cikin mashigar kogi ake yawo ba tsakiyar teku ba. Wanda mota ma ke sa shi jiri ya sha magani kafin tashi, ya zauna a sama yana kallon nesa.

A kan jirgi

Kafin a kwance igiya za a tara ku a yi bayanin tsaro: inda rigunan ceto suke, inda ake zama, inda ba a zama. Ka saurara da kyau, musamman batun wani kakkauran katako da ya gitta saman jirgin daga gefe zuwa gefe a gaban sitiyari. A kansa ne ƙatuwar ƙugiyar babban filafili ke zamewa, kuma duk lokacin da jirgi ya juya takan taho da ƙarfin da zai karya ƙafa. Akwai irinsa a gaban jigo. Kada ka zauna a kansu, kada ka bar yaro ya matsa. Wurin zama mai kyau shi ne kan murfin rumbun kaya. Kada ka tsaya cikin naɗin igiya, kada ka naɗe igiya a hannunka, kuma in kana tafiya hannu ɗaya ya kasance a riƙe da wani abu.

Da inji ake barin tasha. Za ku wuce mutum-mutumin Byrhtnoth a ƙarshen Promenade Park, ɗauke da takobi yana fuskantar tsibirin Northey. A nan aka gwabza yaƙin Maldon a 991, inda wannan jagoran Ingilishi ya bar mayaƙan Viking, maharan teku daga arewacin Turai, suka tsallako ta siririyar hanyar da ruwa ke rufewa, aka kashe shi a fagen fama. Daga nan sai Heybridge Basin ta hagu, sai tsibirin Osea, wanda shi ma hanyarsa ke nutsewa in ruwa ya cika. Da an wuce Osea kogi ya buɗe, aiki ya fara.

Ka zuba ido a nan, domin duk hikimar jirgin a wannan minti goman take. Filafilin can ƙoli ake fara ɗagawa, wanda aka yi shi don ya kamo iskar da ke wucewa ta saman gine-gine da itatuwan bakin kogi. Babban filafilin kuwa ba a ɗaga shi ba a sauke shi. Wata doguwar sanda ce da ta tashi daga gindin jigo ta miƙe a karkace ke riƙe da kusurwarsa ta sama dindindin, in ba a buƙatarsa a tattare shi zuwa jikin jigo da igiyoyi, in ana so a sake su ya baje. Da haka mutum ɗaya ke sarrafa ƙyallen da nauyinsa ya fi ƙarfin mutum biyar, kuma da yake babu sanda a ƙasansa, ba abin da ke tare tulin kaya. Sai na gaba, sai ɗan ƙaramin na baya, wanda aka ɗaure igiyarsa a jikin allon juya jirgi, yadda in matuƙi ya murza sitiyari shi ma ya taya tura bayan jirgin. Jan launin nan asalinsa haɗin jar ƙasa ne da man kifi da ruwan teku da ake shafawa don kada ƙyallen ya ruɓe. Na yanzu galibi zaren zamani ne, amma an riƙe launin.

A kowane gefe za ka ga wani ƙaton allon katako a rataye, mai nauyin da kan kai tan guda. Tunda jirgin ba shi da tsini a ƙasa, iska za ta riƙa tura shi gefe. Allon ɓangaren da iska ke turawa ake saki cikin ruwa ya tokare, a naɗe ɗayan. Jirgin filafili ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya yi ta gicciye, dama da hagu, kuma a kowace juyawa sai an sauya allunan. Za ka ji matuƙi ya ɗaga murya ya ce "Ready about", wato kowa ya shirya, sannan "Lee-oh" lokacin da ya murza sitiyari. Yaron jirgi zai riƙe filafilin gaba har iska ta buge shi ta baya ta tura hancin jirgi ya gama juyawa, sai an ba shi umarni ya saki. Naɗe allon nan da jawo anka su ne ayyukan da aka fi ba fasinja. Ka karɓa. Bayan minti biyu kana murza ƙarfen za ka fahimci irin ƙarfin mutanen da suka yi wannan aiki dare da rana, cikin hunturu, ba inji ba lantarki, kuma ba a biyansu sai gwargwadon kayan da suka kai.

In an miƙa maka sitiyari, kada ka yi ta juya shi. Jirgin ba ya amsawa nan take, ka murza kaɗan ka jira. Ka zaɓi wani abu a gaɓa, itace ko hasumiya, ka saita hancin jirgi da shi, ka riƙa ɗaga kai kana duba ƴar tutar da ke saman jigo, ita ce ke nuna inda iska ta fito.

Iyakar tafiyar na hannun iska. In ta yi kyau za ku kai bakin teku, ku hango tsohuwar tashar nukiliya ta Bradwell da ta daina aiki a 2002, da tsibirin Mersea mai kawa ta ɗaya gefen. Can ƙurya kuma akwai ɗan ginin ibada na St Peter-on-the-Wall, wanda wani limamin Kirista mai suna Cedd ya gina wajejen 654 da duwatsun wani sansanin Rumawa, yana cikin gine-ginen ibada mafi daɗewa a Ingila. In iska ta kwanta, wataƙila ba za ku yi nisa da Osea ba. In ta yi yawa, matuƙi na iya rage filafili ko ya soke fitar baki ɗaya, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi ko sauya rana tun kafin ka biya, ka kuma duba hasashen ruwan gaɓa na Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, da daddare.

Dawowa

Da cikar ruwa ake shigowa, kuma kusantar tasha shi ne lokacin da ma'aikata suka fi buƙatar fili da shiru. Ka zauna, ka janye hannu da ƙafa daga gefen jirgi, kada ka yi yunƙurin tare bango da hannu, kada ka yi tsalle zuwa tudu sai an ɗaure an ce a sauka. Lokacin isowa ƙiyasi ne, don haka kada ka sayi tikitin jirgin ƙasa mai tsayayyen lokaci dab da shi, ka bar tazarar awa biyu.

Wanda abin ya shiga ransa yana da inda zai ci gaba. Kowace bazara ana tseren waɗannan jirage a Thames da Medway da Blackwater da Pin Mill da Swale da Colne. Na Thames ya faro ne a 1863 ta hannun Henry Dodd, attajirin da ya yi arziki da kwasar sharar Landan, kuma wasu jiragen na sayar da kujera a ranar tsere, sai dai ana tashi tun da asuba. Da hunturu kuma ƙungiyoyin da ke riƙe da jiragen na neman masu sa-kai don kankare katako da fenti da gyaran igiya, ba sa tambayar ko ka taɓa hawa jirgi. Ka tambayi yaron jirgi ranakun aikin kafin ka sauka.